Cajin Mota Mai Lantarki: A Yi Lissafi Kafin A Yi Rigima

'Yan'uwa, tun da gwamnati ta janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, mutanenmu masu sana'ar tuƙi a Agege da Sabon Ibadan suka fara sha'awar babura da motoci masu aiki da batir. Tambayar kowa ita ce: nawa ake kashewa a caji ɗaya? Amsar ba ta buƙatar ƙwararre.

Kowane batir yana da adadin wutar da yake ɗauka, ana auna shi da yunit, irin wanda muke saya a mitar kati. A ɗauki mota mai batir na yunit 60. A ƙara kashi 10 cikin ɗari, domin wani abu yana salwanta ta hanyar zafi yayin caji, ya zama 66. Sai a ninka da kuɗin yunit ɗaya. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin masu rukunin Band A naira 225, daga baya a watan Yuli ya tsaya a naira 209.50. A wannan farashi, haɗe da harajin VAT na kashi 7.5, cika batirin zai ci kusan naira 15,000, kuma ya isa zuwa Ibadan daga Legas a dawo. Batirin babur mai yunit 4 kuwa wajen naira 1,000 ne. Kowa ya duba rasit ɗinsa, don farashi ya danganta da rukunin unguwarsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne yawancinmu haya muke zaune, gida ɗaya mita ɗaya. Ranar da ɗan haya ya jona babur, mai gida zai yanka masa kuɗi da ka, maƙwabta kuma su ɗora masa laifin duk katin da ya ƙare da wuri. Baƙo, saboda gudun a ce ya tashi, sai ya biya ya yi shiru. Wannan zalunci ne. Amma fa shi ma mai caji ba shi da hujjar shan wutar jama'a a biya tare da shi, don babur ɗaya a dare ya fi fitilu da fankar ɗaki cin wuta.

A ganina, kada wanda ya sayi abin hawa irin wannan sai ya tanadi ƙaramar mita ta kansa a layin da zai riƙa caji. A rubuta lambarta farkon wata da ƙarshensa a gaban mai gida, a biya daidai abin da ta nuna, a karɓi shaida a rubuce.

Wanda unguwarsu ba ta samun wuta sosai kuma ya sake tunani. Ƙaramin janareta kamar yunit 2 yake bayarwa a litar mai, wato cika batirin motar nan zai lashe sama da lita 30.