Turancin "Ya Fi" Da "Mafi"

Iyaye 'yan kasuwa, ga wani abu da ke cinye makin yaranmu a jarrabawar BECE. Mu a Hausa "fi" ta ishe mu: wannan atamfa ta fi waccan tsada, ga kuma mafi tsada. Bature kuwa hanya biyu gare shi. Gajeriyar kalma a liƙa mata wutsiya: cheap, cheaper, cheapest. Doguwa a sa mata more ko most a gaba: more expensive, most expensive. Sai 'yan taurin kai irin good, better, best, su haddacewa kawai ake yi.

To, yaro ya taso yana jin "more better" a lungunan Nima da Mamobi, sai ya kai ta takarda. Ai biyan kuɗin kaya sau biyu ke nan, kuma mai maki na WAEC ba ya yafewa.

Ni dai ran Laraba, ranar kasuwar Nima, nakan tsayar da autana gaban albasa kashi uku, in ce jera mini: big, bigger, biggest. Ku lura, g biyu ce. In kashi biyu kaɗai ake gwadawa, bigger ake cewa, ba biggest ba.