Neman jita mai tsirkiya 7 daga Haɗeja: karanta kafin ka tura wa kowa kuɗi

1/ Jama'a zare ne, kuma zai ɗan yi tsawo 🧵 Tun da na saka bidiyon nan da nake kaɗa jita a bakin kogi, mutum huɗu sun biyo ni da tambaya iri ɗaya: a ina ake samun mai tsirkiya 7, doguwa, mai araha? Bari na amsa a nan kowa ya gani.

2/ Ra'ayina a taƙaice: jita kamar doki take, kuɗin saye daban, kuɗin harawa daban. Mai araha a wajenmu ita ce wadda za ka iya ciyarwa kana zaune a Haɗeja. Da kuɗin shinkafata ta rani na sayi wannan darasin, don haka ku ɗan saurara.

3/ Masu cewa me muke nema a kiɗan Turawa: ka taɓa tsayawa ƙofar fada ranar hawan sallah aka buga tambari ka ji shi a ƙirjinka? To wannan amon muke bi. Jita mai tsirkiya 6 tana tsayawa a E, girgiza 82 a daƙiƙa. Ta bakwai tana sauka B, kusan 62. Ka ƙara sassauta ta zuwa A, 55.

4/ Kamfanin Ibanez ne ya fara fito da mai 7 ta lantarki da yawa a kasuwa, a 1990, tare da Steve Vai. Sai ƴan Korn na Amurka suka ɗauke ta a 1994 suka sauke ta zuwa A. Daga nan duk yaron da ke son kiɗa mai nauyi ya fara mafarkinta, har da ni.

5/ Matsalar ita ce, da ka sassauta tsirkiya sai ta yi laƙwas kamar igiyar shanya, ta riƙa karkarwa tana dukan wuyan jitar. Fiziks nake karantawa, aji uku, bari na yi muku lissafin: sauka daga B zuwa A yana rage ɗaurin tsirkiya da kusan kashi 21 cikin 100.

6/ Hanya biyu ce ta dawo da ɗaurin: a ƙara tsawo ko a ƙara kauri. Tsawon da ake nufi shi ne daga inda tsirkiya ta hau wuya a sama zuwa inda ta zauna a ciki, abin da masu goge da garaya ke kira jaki. Yawancin Fender inci 25.5 ne, Gibson 24.75. Doguwa ita ce 26.5 ko 27.

7/ Daga 25.5 zuwa 26.5 ɗauri yana ƙaruwa da kashi 8 kacal. Zuwa 27, kashi 12. Amma ka cire tsirkiya mai kaurin .059 ka saka .066, ka samu kusan kashi 25. Ka gani? Tsirkiya guda ɗaya ta biya maka bashin da inci ɗaya da rabi bai iya biya ba.

8/ Kar a ce na raina doguwa fa. Tsirkiya mai kauri sosai a gajeren wuya tana dushewa, sautin ya cakuɗe kamar mai magana da tuwo a baki, kuma saitinta yana wahala. Doguwa ta fi fitar da murya tas. Na yarda. Tambayar ita ce nawa za ka biya don wannan bambancin.

9/ Cikin masu sauƙin kuɗi da aka sani, Jackson JS22-7 inci 26.5 ce, Ibanez GRG7221 kuma 25.5. Irin waɗannan a waje suna kaiwa dala 200 zuwa 300. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500.

10/ A kan 1,500, naira 300,000 ke nan zuwa 450,000, ba a saka kuɗin jirgi da na kwastan ba. Mafi ƙarancin albashi 70,000 ne. Ɗalibin da ke karɓar 20,000 ɗin NELFUND duk wata, sai ya yi wata 15 bai ci ko ƙosai ba kafin ya taɓa ta ƙasan. Wannan ce "mai arahar" Bature.

11/ Ga abin da ya same ni. Ni da yayana muka yi shinkafar rani a fadama, ni ke ban ruwa duk ƙarshen mako in na dawo daga Kafin Hausa. Da aka sayar ya ba ni kasona. A satin na ga wani a Instagram, wai yana Legas, yana da ta hannu, inci 27, rabin farashi. Ko barci ban yi a kai ba na tura.

12/ Bayan kwana tara na je tasha na ɗauko ta a kwali. Na ari tef ɗin telan unguwarmu na auna: 25.5. Wuyan ya lanƙwashe, maɗaurin tsirkiya ta bakwai yana zamewa. Na kira, waya a kashe. Washegari ya toshe ni.

13/ Yayana bai yi faɗa ba, wallahi da ya yi da ya fi min sauƙi. Cewa ya yi, "Kai da ake turawa jami'a, ko kifi ne a kasuwar Haɗeja ai sai ka ɗaga ka juya shi kafin ka biya." Har yau in na buɗe jakar jitar sai na ji muryarsa.

14/ Don haka darasi na farko: awo. A auna daga saman wuya zuwa ƙarfe na 12, a ninka biyu. In ka ga 12.75, to 25.5 ce. 13.25 ita ce 26.5. 13.5 ita ce 27. Ka sa mai sayarwa ya auna a kiran bidiyo kana kallo. In ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka.

15/ Na biyu: yanayinmu. Da hunturu katako yana tsukewa har bakin ƙarafunan wuya su fito su riƙa yankar hannu. Da damina danshin fadama ya kumbura shi, tsirkiya ta yi tsatsa. Wuyan jita a nan yana motsi sau biyu a shekara.

16/ Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa da ɗan makulli mai kusurwa shida don miƙar da shi. Kafin ka biya, ka tabbata tana juyawa. In ta ci, an gama. Kar ka bar jita a ɗakin kwano da zafin Afrilu, kuma mu da muka ga ambaliyar 2022 ba sai an ce mana kar a jingine ta a ƙasa ba.

17/ Na uku: harawa. Da na zaga shagunan kayan kiɗa a Sabon Gari a Kano, galibin abin da na tarar na mai 6 ne da na bes. Ga shi doguwar jita tana ƙara wa siririyar tsirkiya ɗauri, ta fi saurin tsinkewa. Ta tsinke maka daren Juma'a, sai ka jira motar Kano.

18/ Dabarar da nake yi: saitin mai 6 na yau da kullum, sannan in yi odar mai kaurin daban, uku uku. Kuma ka guji jita mai jakin da ke lilo, irin Floyd Rose. Duk canjin saiti sai ka wuni a kanta. Ka nemi mai kafaffen jaki.

19/ Na huɗu, wanda ba a faɗa: lasifikar waya ba ta fitar da girgiza 55, ƙaramar amfilifaya ma da ƙyar. Ka zuba duk kuɗinka a jita ka rasa abin jin ta, me ka yi? Ka ware na abin kunne mai kyau tun farko, ko ba wuta za ka yi atisaye.

20/ Shawarata bi da bi. In kana da mai 6, sayi saiti mai kauri, 13 zuwa 62, a ɗan faɗaɗa ramukan da tsirkiya ke zama a sama, ka sauke ta zuwa B. Slipknot da mai 6 suke sauka har B da A. Ka yi wata shida a haka ka ga ko ta bakwan kake buƙata da gaske.

21/ Tony Iommi na Black Sabbath, injin masana'anta ne ya cinye masa kan yatsu biyu a Birmingham. Zuwa 1971 ya sassauta tsirkiyoyinsa mataki ɗaya da rabi, a gajeriyar Gibson mai 6. Babban tushen wannan kiɗan mai nauyi ke nan, daga lalura ya fito.

22/ In har ka matsu sai mai 7, nemi 26.5 ta hannu, ka hau mota ka je da tef ɗinka. Zuwa da kai ya fi aike. Odar sabuwa daga waje ita ce ta ƙarshe, kuma ku haɗu ku uku ko huɗu ku raba kuɗin jirgi.

23/ Na san wani zai ce ai Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya ya zaga duniya, Mdou Moctar na Nijar kuma da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Gaskiya ne. Hakan bai hana ni son doguwar ba, ya dai hana ni zaman jiranta hannu rabbana.

24/ Jitar da kuka gani a bidiyon ita ce ta kwalin nan. Sati uku na yi ina lallaɓa wuyanta, na canja maɗauri ɗaya, na saka .066. A kan A take yanzu. In akwai mai 26.5 ta hannu tsakanin Kano, Dutse da Nguru, ya ajiye hoto a ƙasa, da tef a kan wuyanta. Bana ma mun shuka shinkafa.