Ƙasar Ailan Da 'Yan Polan: Baƙi Ne Ko 'Yan Gida?

Duk wanda ya yi makarantar mishan a Kaduna ko Jos ko Kano ya san mutanen Ailan, ko da bai taɓa ganin taswirar ƙasarsu ba. Daga can ne limaman Katolika da sistoci da yawa suka zo mana, suka gina makarantu da asibitoci, waɗansu ma a nan aka binne su. A zamanin nan an san Ailan da abu guda, wato fitar da 'ya'yanta zuwa ƙasashen mutane. Yau kuwa reshe ya juye da mujiya, ita ce ke karɓar baƙi, kuma a ƙidayar 2022 babu baƙin da suka kai 'yan ƙasar Polan yawa. Yadda ta karɓe su shi ne abin da za mu duba.

Sai mai karatu ya fara sanin inda aka fito. Tsakanin 1845 da 1852 cuta ta kama dankali, abincin talakan Ailan, yunwa ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya, wani miliyan ɗayan kuma ya tsere ta jirgin ruwa. Tun daga lokacin ƙaura ta zama kamar gado. Har a shekarun 1950 da na 1980 samari da 'yan mata suna tururuwa zuwa Ingila da Amurka neman aikin gini da na jinya, inda suka sha wulaƙanci irin wanda baƙo matalauci kan sha. Saboda haka mutumin Ailan yakan ce shi ba sai an koya masa zafin baƙunci ba.

Ranar 1 ga Mayu 2004 ƙasashe goma suka shiga Tarayyar Turai, Polan ce babbarsu. A birnin Dablin aka yi bikin, domin Ailan ce ke riƙe da shugabancin Tarayyar a lokacin. Jamus da Faransa da mafi yawan tsofaffin ƙasashen Tarayyar suka ce sai an jinkirta kafin a bar sababbin su zo aiki. Ƙasashe uku ne kaɗai suka buɗe ƙofa nan take: Birtaniya da Suwidin da Ailan. Ba don tausayi Ailan ta yi haka ba. Arzikinta yana haɓaka, ana gine-gine ko'ina, hannuwan aiki sun yi ƙaranci. A Polan kuwa kusan mutum ɗaya cikin biyar na masu neman aiki ba shi da abin yi, ga mafi ƙarancin lada a Ailan Yuro 7 ne a awa guda. Ƙidayar 2002 ta sami 'yan Polan wajen 2,000 kacal a ƙasar. Ta 2006 ta sami fiye da 63,000. Ta 2011 kuwa ta sami fiye da 122,000, har sun zarce 'yan Birtaniya yawa.

Gaskiya ita ce an karɓe su da sauƙin da ba a saba gani ba a Turai. Babu wata jam'iyyar ƙin baƙi da ta sami gindin zama a majalisa a shekarun nan. Masu ba da aiki suna yabon ƙwazonsu. Jaridar Evening Herald ta Dablin ta shiga buga shafuna na musamman da harshen Polan tun 2005. Babban limamin Dablin ya ba su majami'ar St Audoen a tsakiyar birni domin su yi sujada da harshensu, majami'un da suka fara zama kufai kuma suka sake jin kukan jarirai ranar baftisma. Masu son tarihi suka tono dangantakar da ke tsakani. Dukansu biyu Katolika ne, dukansu sun daɗe a ƙarƙashin mulkin maƙwabta masu ƙarfi, Polan ta dawo da 'yancinta a 1918, Ailan ta sami nata a 1922. Aka tuna da Paul Strzelecki, mutumin Polan da ya shirya ciyar da yara wajen 200,000 a makarantu lokacin babbar yunwa. Aka tuna da 1979, sa'ad da fiye da mutum miliyan ɗaya suka taru a filin Phoenix na Dablin domin ganin Paparoma John Paul na biyu, shi ma ɗan Polan.

Har da abin dariya. A 2009 labari ya fito cewa 'yan sandan Ailan sun rubuta laifin tuƙi fiye da hamsin a kan wani direba mai suna Prawo Jazdy, kowane lokaci da adireshi daban. Ashe kalmomin nan biyu ma'anarsu lasisin tuƙi da harshen Polan, su ne rubuce a saman katin.

To, amma marhabin ɗin nan da aiki aka ɗaure shi, kuma wannan ya fito fili tun da wuri. A 2005 kamfanin jiragen ruwa na Irish Ferries ya shirya sallamar ma'aikata 543, ya maye gurbinsu da waɗansu daga gabashin Turai a kan ladan da bai kai rabin mafi ƙarancin ladan ƙasar ba. Ranar 9 ga Disamba dubban ma'aikata suka cika titunan Dablin da sauran garuruwa. Shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago sun yi ƙoƙari su nuna cewa faɗansu da mai cin gumin ma'aikaci ne, ba da baƙo ba. Sai dai Bahaushe ya ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. A farkon 2006 Pat Rabbitte, shugaban jam'iyyar Leba a lokacin, ya tunatar da jama'a cewa 'yan Polan sun kai wajen miliyan 40, ya ce watakila a sake duba batun takardar izinin aiki. An yi masa ca, amma ya faɗi abin da ke zukatan mutane da yawa.

Jarrabawar gaske ta zo a 2008, da harkar gine-gine ta durƙushe, bankuna suka bi baya. A 2010 sai da ƙasar ta karɓi ceto na Yuro biliyan 85. Rashin aiki ya tashi daga ƙasa da kashi 5 cikin ɗari zuwa wajen kashi 15. 'Ya'yan Ailan suka sake kama hanyar Ostireliya da Kanada. Mutane da yawa sun zaci 'yan Polan za su tattara nasu ya nasu, tun da an ce baƙo raɓa ne. Waɗansu sun tafi, amma ƙidayar 2016 ta same su kusan daidai da yadda ta 2011 ta bar su. Sun yi aure, sun haifi 'ya'ya, sun sa su makaranta. A nan ne murya ta sauya. Wanda jiya ake yabonsa da ƙwazo, yau ana ƙorafin yana cin kuɗin tallafin marasa aiki, alhali da harajinsa ya cancanci tallafin. A 2012 jaridar Irish Independent ta ɗauko hirar wata mace 'yar Polan da ke zaune a Donegal daga wata jaridar Polan, ta fassara ta a karkace, har ta sa a bakinta cewa zama a kan tallafi daɗi gare shi kamar tausa. Abin da matar ta ce shi ne ta koyi sana'ar tausa, tana son ta kama aikin kanta. Kafin gaskiya ta fito an riga an kwana ana zaginta.

Me ya sa maganar ke taɓa zuciya haka? Dalili shi ne baƙin sun iso daidai lokacin da Ailan ke rasa abubuwan da take gane kanta da su. Shekara da shekaru amsar wane ne mutumin Ailan ba ta da wuya: Katolika ne, kakanninsa a ƙasar suke, yana da harshen Gelik ko da a makaranta ya tsaya. Yanzu masu kiran kansu Katolika sun ragu daga kashi 79 a 2016 zuwa kashi 69 a 2022. Batun harshe ya fi ban mamaki. A ƙidayar 2022 masu magana da Gelik kullum a wajen makaranta wajen 72,000 ne, masu magana da harshen Polan a gida kuwa sun haura 120,000.

Akwai kuma wani abu da ya kamata mai karatu ɗan Nijeriya ya lura da shi. Makonni shida bayan bikin buɗe ƙofa, wato ranar 11 ga Yuni 2004, aka yi ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 79 suka amince a daina ba kowane jaririn da aka haifa a tsibirin takardar zama ɗan ƙasa kai tsaye. Matan da aka riƙa nunawa da yatsa a muhawarar nan ba 'yan Polan ba ne. Matan Afirka ne masu neman mafaka, da yawansu 'yan Nijeriya. Wato a cikin bazara guda ƙasar ta ce wa mai ƙarfin aiki bismilla, ta kuma ƙara wa ƙofar zama ɗan gida sakata. A ganina sauƙin da 'yan Polan suka samu bai isa shaida cewa Ailan ta warware batun baƙo ba, domin fatarsu fara ce, majami'arsu ɗaya, in sun yi shiru ba mai gane su. Rhasidat Adeleke, 'yar tseren da aka haifa a Dablin, iyayenta 'yan Nijeriya, ta ɗauko wa Ailan lambobin yabo a Turai a 2024, amma duk da haka ta sha zagi a intanet daga masu cewa ba tasu ba ce. A tarzomar Dablin ta 23 ga Nuwamba 2023, da aka ƙone motocin haya aka fasa kantuna bayan an soki yara a ƙofar wata makaranta, fushin ya fi karkata ne kan masu neman mafaka, ga tsadar gidaje tana hura wutar. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tare maharin kuwa baƙo ne, ɗan Brazil mai kai abinci a babur.

Su kansu 'yan Polan da saura. Dokar Tarayyar Turai ta ba su zama da aiki, don haka da yawa ba su ga dalilin biyan fiye da Yuro dubu ɗaya don neman takardar zama ɗan ƙasa ba. Amma wanda ba shi da ita, ƙuri'arsa ta tsaya a zaɓen ƙaramar hukuma da na majalisar Turai, ba ya zaɓen majalisar ƙasa. Mutum ya shekara ashirin yana biyan haraji, ɗan siyasa bai da abin nema a ƙofarsa. A ƙidayar 2022 masu riƙe da takardar Polan kaɗai sun ragu zuwa wajen 94,000. Waɗansu sun koma gida tun da arzikin Polan ya ɗaga, waɗansu wajen 17,000 kuma suna riƙe da takardun ƙasashen biyu.

'Ya'yan da aka zo da su a goye a 2004 yanzu sun isa aiki da aure. Turancinsu irin na unguwar da suka tashi ne, sun koyi Gelik a makaranta kamar kowane yaro, waɗansu suna buga wasannin gargajiyar ƙasar. Tun 2022 kuma harshen Polan ya shiga cikakkun darussan jarrabawar gama sakandare, gefe guda da Faransanci da Jamusanci.