Tsuntsaye Mafarauta a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi: Dukiyar da Ake Sakaci da Ita

Bahaushe ya daɗe yana nazarin sararin samaniya, shi ya sa ya bambanta mikiya da gaggafa, ya bambanta shaho da shirwa, har ya ce ungulu ba ta jewar banza. A yau kuwa, yaro a Funtuwa ko Malumfashi duk tsuntsun da ya gani yana shawagi sai ya kira shi shaho. Dalili shi ne tsuntsayen sun yi ƙaranci, idan kuma abu ya ɓace wa ido, sunansa kan ɓace wa harshe.

A shekarar 2015 ƙungiyar IUCN ta sanya ungulu cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, a 2020 kuma ta sanya gaggafa cikin waɗanda ke cikin haɗari. Musabbabin hakan ba ɓoyayye ba ne: sare ɗorawa da maɗaci domin itace da gawayi, da yawan feshin maganin ƙwari, da cinikin sassan ungulu wajen bokaye.

Makiyayin kaji na iya cewa gaba ta kai shi, tunda shirwa na ɗauke masa 'yan tsaki. To, amma a yankin da ya dogara ga masara da dawa da auduga, tsuntsayen nan ne ke rage ɓera da fara, ungulu kuma ke kwashe mushe kafin ya zama cuta. Ɗan tsako ɗaya bai kai damin hatsi ba.

Saboda haka ya kamata malaman Hausa su mayar da lura da tsuntsaye wani ɓangare na aikin ɗalibai. Ba sai an kutsa daji ba, musamman inda tsaro ya yi rauni. Bakin madatsar ruwa ta Mairuwa da mayanka da gefen gonaki sun wadatar. Da hantsi, idan iska ta ɗumama, sukan tashi shawagi. Ana gane shirwa da tsagaggiyar wutsiya, gaggafa kuma da guntuwar wutsiya da jar fuska. Ɗalibi ya rubuta rana da wuri da kamanni, sannan ya tambayi tsofaffin maharba suna da kirari da karin maganar da ke tattare da tsuntsun.

Ta haka ne za a adana kalmomin kafin masu su su ƙare, a kuma raini matasan da ba za su ɗaga danƙo su harbi abin da suka san darajarsa ba.