Kafin a rubuta kundin aiki, a fara jin bakin manjo da na uwa

A cikin watan Satumba na shekara ta 2018, ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da wata sanarwa da ta girgiza jihar Damagaram: a sashen yara na asibitin Magariya, kimanin yara 10 ne ke rasuwa kowace rana, kuma yara 730 ke kwance a sashen. Tamowa da zazzaɓin cizon sauro ne suka haɗu, kamar yadda suka saba idan damina ta yi nisa, rumbu ya ƙare.

A irin wannan lokaci akan ɗauki sabbin ma'aikata da yawa a Magariya da Dungas, ba kuwa mai sukunin koya musu aiki baki da baki. Madogararsu ita ce kundin ƙa'idojin aiki, wanda ake kira « protocole » da faransanci, mai faɗin wa zai yi me, da wane lokaci, da wane awo. Awon magani dai masana sun riga sun tsayar da shi. Sauran abin da kundin ke bukata yana hannun waɗanda ba a cika tambaya ba.

A dubi rigakafin zazzaɓi na damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012, aka soma shi a Nijar a 2013, da Magariya cikin gundumomin farko. Ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59 magani sau ɗaya a wata, kwana uku a jere. Ranar farko ma'aikaci ne ke bayarwa. Sauran kwana biyun uwa ce, a gida, ba idon kowa. Ke nan kashi biyu cikin uku na aikin yana gudana ne inda mai rubutu bai taɓa zama ba. Idan yaro ya amayar da ƙwayar rana ta biyu, me uwar ke yi? Idan ta tafi gona da sassafe, wa ke riƙe da maganin, kaka ko kishiya? Ko takan raba shi da wan yaron, da shekarunsa suka wuce amma jikinsa ke da zafi? Rahoton ƙarshen wata, komai kyawon lissafinsa, ba ya amsa ko ɗaya. Sai an zauna a tsakar gida.

An kuwa ga amfanin haka a maƙwabta. A gundumar Mirya, tsakanin 2013 da 2014, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa uwaye auna dantsen ƴaƴansu da ɗan zaren nan mai launi uku, wanda jansa ke farawa ƙasa da milimita 115. Uwayen ba su gaza ma'aikatan ƙauye ba, kuma yaransu sun riƙa isa likita tun ciwo bai yi tsanani ba. A da, kundi bai ba uwa wani aiki ba illa ta kawo yaro.

Lokacin tattara bayanin ma abin dubawa ne. Tawagar da ta taso daga Yamai cikin watan Fabrairu za ta tarar da gadaje ba kowa, hanya a bushe, manjo yana da lokacin ba ta shayi. A Agusta ne ake ganin wanda ke karɓar yaro da ƙarfe biyu na dare, da yadda ake yi idan jini ya ƙare, da inda ake rubuta sunan yaron da aka tsallako da shi daga wajen Baɓura, wanda ba ya cikin ƙidayar kowane ƙauye na gundumar.