Zaidu Sanusi da Mudun da Ake Auna Ɗan Wasan Baya

A ranar 7 ga Mayun 2022, a filin wasan Benfica da ke birnin Lisbon, maki ɗaya tak Porto take bukata ta zama zakarar Fotugal. An cika minti casa'in babu ci, an shiga ƙarin lokaci, kuma canjaras ɗin ya wadatar da ita. Duk da haka, da Porto ta kai farmakin ramuwa a minti na 94, wanda ya tsinka da gudu daga bayan fili har ya isa gaban ragar Benfica ya tari ƙwallon da Pepê ya miƙo masa shi ne ɗan bayan hagu, Zaidu Sanusi, haifaffen Jega ta Jihar Kebbi. Ƙwallon da ya zura ta tabbatar wa Porto kofin lig na 30 a tarihinta, a gidan babbar abokiyar gabarta. Magoya bayan ƙungiyar ba za su manta da sunansa ba.

A Najeriya kuwa, idan aka ambaci Zaidu a gidan kallon ƙwallo, abin da yakan fara biyo baya shi ne ƙorafi a kan kurosinsa: ko ƙwallon ta wuce kan kowa, ko ta faɗa hannun mai tsaron raga. Mutum ɗaya ne, amma hukuncin da ake yanke masa a Porto da wanda ake yanke masa a gida sun yi hannun riga. Wannan saɓani ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana bayyana yadda masu kallo a Najeriya ke auna ɗan wasan baya, kuma yana tona asirin yadda ƙasar ke rainon 'yan wasanta.

Doguwar hanya zuwa Porto

An haifi Zaidu a 1997. Bai fito daga wata shahararriyar makarantar horon ƙwallo ba, kuma bai taɓa yin suna a gasar ƙwararru ta Najeriya ba. Ya isa Fotugal yana ɗan shekara goma sha tara ko kusa da haka, ta ƙofar ƙungiyar Gil Vicente, daga nan ya gangara Mirandela, ƙungiyar wani ƙaramin gari a arewa maso gabashin ƙasar da a lokacin take buga rukuni na uku. A can ya zauna har 2019, lokacin da Santa Clara, wadda ke tsibiran Azores a tsakiyar tekun Atilantika, ta ɗauke shi zuwa babbar gasar ƙasar. Kakar wasa ɗaya ya yi mata, Porto ta saye shi a 2020.

Bai daɗe da zuwa ba Alex Telles, wanda ke riƙe da gurbin bayan hagu, ya koma Manchester United. Yaron da shekara ɗaya da 'yan watanni kafin nan yake wasa a rukuni na uku ya wayi gari a gasar Zakarun Turai. Ya ci Marseille ƙwallo a Nuwamban 2020, kuma yana cikin tawagar da ta fitar da Juventus ta Cristiano Ronaldo a zagayen 'yan 16 a Maris na 2021. Kocin Porto na lokacin, Sérgio Conceição, mutum ne da aka sani da tsanani da rashin ɗaga ƙafa ga ɗan wasan da ba ya komawa tsaro. Amincewar irinsa ba a samunta a sadaka.

Aikin da ba ya fitowa a taƙaitaccen bidiyo

Matsalar ɗan wasan baya ita ce mafi yawan aikinsa hana abu faruwa ne, abin da bai faru ba kuma ba shi da hoto. Idan ya tsaya inda ya dace har ɗan gefen abokan hamayya ya fasa kutsawa ya mayar da ƙwallo baya, babu wanda zai yanko wannan ya yaɗa a WhatsApp. Idan ya riga ɗan gaba isa ga ƙwallon da aka cilla bayan masu tsaro, sai a ga kamar dama babu haɗari. Amma kurosi ɗaya da ya lalace kowa ya gani, domin a lokacin ne kyamara da idon mai kallo suke kansa.

Gasar cin Kofin Nahiyar Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024 misali ce mai kyau. Bayan kunnen doki 1-1 da Equatorial Guinea a wasan farko, koci José Peseiro ya sauya tsari: 'yan baya uku a tsakiya, sai mutum biyu a gefe waɗanda ake so su tsare baya kuma su kai hari. Najeriya ta buga wasa huɗu a jere ba a zura mata ƙwallo ba: 1-0 da Kwaddibuwa, 1-0 da Guinea-Bissau, 2-0 da Kamaru, 1-0 da Angola. Katangar da ta kai ƙasar wasan ƙarshe ke nan, kuma Zaidu na cikin tubalanta. A wasan ƙarshen na 11 ga Fabrairu, wanda Kwaddibuwa ta ci 2-1, ƙwallo ta farko daga bugun kusurwa ta zo, ta biyu kuma Simon Adingra ne ya ƙirƙiro ta daga ɗaya gefen filin. Yabon tsaron gasar ya tafi ga William Troost-Ekong da mai tsaron raga Stanley Nwabali, kuma sun cancanta. Abin da aka riƙe wa Zaidu shi ne ƙwallayen da ya bugo ba su sami kan Victor Osimhen ba.

Akwai dalilin da ya sa ake yi masa wannan awo. Mai kallo a Kano ko Birnin Kebbi ya fi ganin gasar Firimiyar Ingila da ta Sifaniya fiye da kowace. Idonsa ya saba da Marcelo, da Andy Robertson, da Trent Alexander-Arnold, 'yan bayan gefe da suka yi suna wajen ba da ƙwallo a ci. Ko a gida, abin da ake tuna Taye Taiwo da shi shi ne ƙarfin bugunsa. Da wannan mudu ake auna kowane mai lamba uku, alhali manyan ƙungiyoyin da waɗancan suka buga wa sun gina tsarinsu ne yadda wani zai rufe musu baya idan sun tafi. Tawagar ƙasa, wadda ke haɗuwa 'yan kwanaki kafin wasa, ba ta da sararin gina irin wannan fahimtar juna.

Inda masu suka suke da gaskiya

Ba a ce ƙorafin ba shi da tushe ba. Ɗan bayan gefe a ƙwallon zamani rabin aikinsa a gaba yake, musamman a tsarin da Peseiro ya zaɓa, kuma taɓawar ƙarshe ta Zaidu ba ta kai gudunsa da juriyarsa ba. Porto ma ta san haka. A 2021 ta ɗauko ɗan Brazil Wendell daga Bayer Leverkusen, suka yi ta karɓa-karɓa a gurbin, wani lokaci Zaidu ne ke zaman benci.

Sai dai tambayar da ta fi amfani ita ce daga ina wannan giɓi ya samo asali. Gudu da ƙarfi da naci yaro na iya tashi da su a kowane filin ƙasa. Auna nauyin bugu, da ɗaga kai a duba kafin a saki ƙwallo, da sanin lokacin da za a buga ta ƙasa da lokacin da za a ɗaga ta, waɗannan maimaici ne na shekaru a gaban mai koyarwa, a fili mai laushi inda ƙwallo ke tafiya yadda aka aike ta. Takwarorin Zaidu a Porto, irin su Diogo Costa da Vitinha, tun suna yara suke cikin makarantar ƙungiyar. Shi kuwa ya fara samun tsararren horo ne a shekarun da su suke kammala nasu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin mamakin shi ne yadda ya cim musu har ya sami gurbi a tsakaninsu.

Nan ne maganar ta daina zama ta mutum ɗaya. Arewa na da ƙungiyoyi masu tarihi da ɗimbin magoya baya, kamar Kano Pillars da El-Kanemi Warriors da Wikki Tourists da Katsina United, kuma kusan dukkansu da kuɗin gwamnatocin jihohi suke rayuwa. Kuɗin yakan ƙare a albashin manyan 'yan wasa da tafiye-tafiyen kaka. Horon yara 'yan shekara goma zuwa sha biyar, wanda ba ya kawo kofi kafin zaɓe na gaba, an bar shi ga masu sa kai a unguwanni. Shehu Abdullahi na Sakkwato, da Jamilu Collins na Kaduna, da Zaidu na Jega duk 'yan baya ne da suka sa rigar Super Eagles, wanda ke nuna baiwar tana nan. Amma mutum uku ko huɗu da suka kutsa da ƙoƙarin kansu ba su zama tsari ba.

Kuɗin da jiki ya biya

Zaidu ya fara buga wa Najeriya ne a Oktoban 2020, a wasan sada zumunta da Aljeriya ƙarƙashin Gernot Rohr. Ya je Garwa ta Kamaru a Janairun 2022, inda Najeriya ta cinye wasanninta uku na rukuni kafin Tunisiya ta fitar da ita. Ya je Kwaddibuwa ya dawo da azurfa. Duka gasannin biyu a tsakiyar kakar Turai aka yi su, ma'ana kowace tafiya dama ce ga abokin takararsa a Porto ya kafe a gurbin. Kwanaki kaɗan bayan wasan ƙarshe na Abidjan, ya koma wa ƙungiyarsa wasa, jijiyar gwiwarsa ta tsinke, kakarsa ta ƙare a nan. A wannan makon, abin da ya cika shafukan sada zumunta a Najeriya shi ne zagin 'yan wasan da suka sha kashi, har Alex Iwobi ya goge hotunansa a Instagram, kyaftin Ahmed Musa ya fito yana roƙon a daina.

Mai kallo na da 'yancin suka, kuma ɗan wasan da ke karɓar albashin ƙwararru ba ya fi ƙarfin a faɗa masa gaskiya. Adalci dai shi ne a auna shi da dukan aikinsa, har da ɓangaren da ba ya jan ido. Wanda kurosin Zaidu ya ɓata wa rai kuma, akwai inda ya fi dacewa ya kai ƙararsa: ma'aikatar wasanni ta jiharsa, da tambayar nawa aka ware wa horon yara a kasafin bana, da ƙwararrun masu koyarwa nawa aka ɗauka domin su.