Laifin Baƙo Ne?

Duk sa'ad da bam ya tashi a wani birni na Turai, sai 'yan siyasar can su ɗora laifin a kan baƙin haure, su ce a rufe iyaka. Mu a Kano mun taɓa jin wannan waƙa, mun kuwa ga inda ta ƙare.

A watan Disamba na 1980 tarzomar Maitatsine ta ɓarke a 'Yan Awaki, mutane fiye da dubu huɗu suka halaka. Nan da nan aka tuna cewa Muhammadu Marwa mutumin Kamaru ne, har an taɓa korarsa daga Kano a 1962, zamanin Sarki Sanusi. Gaskiya ne, akwai kuma 'yan Nijar da Cadi cikin mabiyansa. Amma galibin gardawan da suka tsaya masa 'ya'yan ƙasar nan ne, waɗanda suka baro karkara suka tarar arzikin man fetur bai san da zamansu ba. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu, wajen miliyan biyu, da yawansu 'yan Gana da babu ruwansu da Maitatsine. Fitinar ta mutu? Ina! Ta sake tashi a Jimeta a 1984, sannan Gombe a 1985.

Turai ma haka. Cikin mutum huɗu da suka kai harin Landan a Yulin 2005, uku a Ingila aka haife su. Maharan Faris na Nuwamban 2015 galibinsu 'yan Faransa da Beljiyam ne, ko da yake wasu sun saje da 'yan gudun hijira sun shigo ta Girka. Ba mu ce a bar iyaka sakaka ba. Cewa muke, wanda ya kori baƙo ya koma barci bai taɓa tushen cutar ba.

Ku da za ku riƙe ofisoshi gobe, ku dubi Kura da Bunkure. Tun da ruwan madatsar Tiga ya fara shiga gonakin Kadawa, 'yan cirani ke taya mu dashen shinkafa da tsinkar tumatir. Mu ma muna fita cirani. A watan Maris na 2025 aka tare mafarauta goma sha shida a Uromi ta jihar Edo, suna hanyar gida yin Salla, aka ce masu satar mutane ne, aka kashe su ba tare da shari'a ba. Da yawansu mutanen Bunkure ne.